Layin da Ke Mutuwa Ranar Kasuwa

Shekarar da na dawo Illela daga karatu a Sakkwato, ina da takardar shaidar na iya haɗa kwamfutoci, ina da mata da 'ya ɗaya, amma ba ni da aikin yi. Wani Alhaji, abokin mahaifina, shi ya ɗauke ni. Ofishinsa yana bakin hanyar da ta nufi iyaka, yana yi wa 'yan kasuwa takardun kaya da na motoci, kuma a lokacin an riga an mayar da yawancin takardun nan ta intanet. In ba a cike an tura ba, mota ba ta tashi. Sabis ɗin wayar hannu kuwa a garinmu ba abin dogaro ba ne, kana tsaye wuri ɗaya sai ka ga wayarka ta tsallaka ta kama layin Nijar, har tana yi maka barka da zuwa. Don haka na ba Alhaji shawara ya karɓi layi na musamman daga wani kamfanin sadarwa, irin wanda ake ja wa ma'aikatu. Ya amince, ya ce ni da abin, in ya yi kyau nawa ne, in ya ɓaci ma nawa ne.

Yadda layin yake ba shi da wuyar ganewa. Akwai ɗan farantin eriya a kan doguwar sandar ƙarfe a wurinmu, yana kallon wani farantin da ke jikin ƙarfen sabis na kamfanin, can gefen gari. Dole su biyun su fuskanci juna daidai, in ɗaya ya kauce ko da kaɗan ne magana ta yanke. Kamfanin ya ce kafa sandar aikinmu ne, nasu ɗaura faranti da saita shi. Ni na zaɓi wuri a filin da ke bayan katangar ofis, wanda ta ɗaya ɓangaren shi ne ƙofar gidan Alhaji. Ni na tsaya aka haƙa rami aka zuba siminti. Makonnin farko abu ya yi ta gudu kamar ruwa, ni ko na riƙa tafiya ina jin kaina. Alhaji ya fara kirana Injiniya, ban kuma hana shi ba.

Sai abin ya fara ranar wata Lahadi. Wanda ya san Illela ya san Lahadi ita ce ranar kasuwa, ranar da garin ke cika da shanu da raƙuma da buhunan albasa, kuma ranar ce ofishinmu ke yin aikin da ya fi na sauran kwanakin a haɗe. Layin ba ya mutuwa gaba ɗaya, da ma haka ya yi da mutum ya san inda zai sa kansa. Sai ya yi minti biyar lafiya, magatakarda ya cike takarda tun daga sama har ƙasa, yana danna turawa sai ya ɗauke. Ya dawo, a sake daga farko, ya sake ɗaukewa. Direbobi sun cika baranda, masu kaya suna leƙowa ta taga, kowa kuma ya san wanda ya kawo na'urar. Da yamma, kasuwa na watsewa, sai layin ya miƙe ya zauna daram har Asabar ta zagayo.

Na kira kamfanin. Na ci gaba da kiransu har na haddace waƙar da suke sa wa mutum ya jira. Duk wanda ya ɗauka, abu ɗaya zai ce: in kashe rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, in kunna. In ce na yi. Ya ce in sake yi yana ji. Sai ya duba nasa allon ya ce daga wajensu layin yana aiki. Gaskiya ya faɗa, domin a daidai wannan daƙiƙar yana aiki, kuma wannan gaskiyar ita ta fi komai ƙona mini rai. Daga nan sai a buɗe mini tikiti, wato lambar ƙorafi, a ce za a turo injiniya. Injiniyoyinsu ba sa fita ƙarshen mako sai in layi ya mutu murus, don haka sai Talata mutum zai iso daga Sakkwato. Ya hau sandar, ya auna, ya sauko yana kakkaɓe hannu ya ce sigina ya fi na ofishinsu ma kyau. Ya sha fura, ya sa in sa hannu, ya tafi. Kafin Alhamis saƙo ya shigo cewa an rufe tikiti, ba a sami matsala ba.

Ni mutum ne mai saurin fushi, tun ina ƙarami aka san ni da haka, kuma watannin nan sun fito da halin nawa fili. Na canza kebul sau biyu. Na ari wata rauta na gwada. Na ce ƙarafan sabis na Ƙwanni, garin da ke tsallaken iyaka, ne ke shiga layinmu, na rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa a kan haka, da Turancin da na zauna na tace. Da suka ce ba haka ba ne, sai na koma kan mai gadin ƙarfensu, na ce shi ke kashe janareto ranar kasuwa ya tafi cinikinsa. Har wurinsa na je na faɗa masa maganar da ba ta dace ba, dattijo yana zaune bakin aikinsa janareto na ruri a bayansa. Sandarmu ma na sha dubawa, amma a ranakun da ba kowa, in girgiza ta da hannu in ga tana tsaye. Ranar Lahadi kuwa ba na ko leƙa waje, ina ciki waya a kunne ina faɗa.

Akwai wata mata a cikin masu ɗaukar wayar ƙarshen mako. Daga muryarta 'yar Kudu ce, da Turanci muke magana. Sau biyu ko uku kirana ya faɗa hannunta, kuma ita ta fi kowa shan bakina, don ba ta katse mutum. Wata rana na wanke ta tas, na ce su duka ba su san aikinsu ba, suna zaune cikin sanyin na'ura suna karanta wa mutane abin da aka rubuta musu. Ta bari na gama, ta ce ta ji, ta tambaye ni ƙarfe nawa abin ya fara yau. Na kashe wayar ban ba ta amsa ba.

Lahadin da ta fi muni ita ce wadda aka loda shanu a wata babbar mota tun da hantsi, ana jiran takarda. Azahar ta yi, la'asar ta kusa, takarda ba ta tafi ba. Dabbobi a matse cikin rana, ga ƙarfen mota ya ɗau zafi. Wata saniya ta durƙushe a tsakiya, da ƙyar aka fito da ita, nan bakin titi aka yanka ta gudun kada ta mutu mushe. Mai shanun bai zage ni ba. Ya shigo ya karɓi takardunsa ya dube ni, ya fita. Na fi son a ce mari ya ɗauke ni da shi.

Washegari Alhaji ya kira ni zaurensa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma saboda mahaifina ya daɗe yana haɗiye abin.

“Injiniya, ban ce ba ka iya ba,” ya ce. “Amma mutane sun hwara kai takardunsu wani wuri. Na yi magana da wani Sakkwato, za shi zo ran Litinin ta sama. In Lahadin ga ta wuce lahiya, in ce mai ya zamna. In ba ta wuce ba, sai ka yi haƙuri.”

Na ce na gode, na tashi. A gida ban gaya wa matata ba sai da aka kwana biyu, ita ma don ta ga ina juya tuwo a kwano ne ta matsa. Ba aikin kaɗai nake jin tsoron rasawa ba. Illela ba ta da girman da mutum zai ɓuya, in aka ce an kawo wani daga birni ya gyara abin da ya gagare ni, babu mai sake ba ni ko wayarsa in duba.

Ranar Asabar bayan la'asar wayata ta yi ƙara, lambar kamfanin ce. Ban taɓa ganin sun kira ni don kansu ba. Matar nan ce. Ta ce ta ga an buɗe mana tikiti an rufe sau da yawa a kan abu ɗaya, sai ta zauna ta janyo bayanan layinmu na watannin baya ta jera su. Ta ce in wuta ce ta ɗauke, sigina faɗuwa yake yi lokaci ɗaya ya kwanta. In ruwan sama ne, a hankali yake sauka ya hau. Namu kuwa tsalle yake yi, ya faɗi ya tashi, ya huta, ya sake. Kuma kullum daga yammacin Asabar yake farawa, yanzu haka ma ya fara. A ganinta wani abu ne ke motsa farantin, nasu ko namu. Nasu ta sa an duba, wasu kwastomomi na kan ƙarfen nan kuma ba wanda ya yi kuka. Ta tambaye ni me ke faruwa a wurinmu ranar Lahadi. Na ce kasuwa, cikin gatse, kamar mai yi wa yaro bayani. Ta ce to, gobe da safe ita ke aiki, in je in tsaya gindin sandar da wayata, ita za ta zuba wa allo ido, mu ga abin tare.

Na so in ce mata na duba sandar nan ya fi a ƙirga. Abin da ya hana ni shi ne ba ni da wata dabarar da ta rage.

Da hantsi na bar ofis cike da mutane na zagaya ta lungu. Rabona da ganin filin nan ranar kasuwa tun ina yaro. Ya cika da baƙin Alhaji. Gidansu tun zamanin mahaifinsa masauki ne na Fulanin da ke kawo dabbobi kasuwa, wasu daga ƙauyukan Lafani, wasu daga tsallaken iyaka. Su iso yammacin Asabar, a ba su tabarma da ruwa da abinci, su kwana, da safe a riƙa jan dabbobin kasuwa kaɗan-kaɗan, wanda bai sami ciniki ba a dawo da shi. Kowa a garin ya san da haka, ni ma na sani, ban dai taɓa haɗa shi da aikina ba. Ga tabarmi, ga ƙoren nono, ga tumaki a gefe. A gindin sandata kuwa an ɗaure wani bajimin sa fari, mai tozo kamar tulu, da igiya mai kauri.

Matar ta kira. Ina cewa ga ni a wurin, wayata ta tsallaka Nijar, kiran ya yanke. Ta sake kira, ya sake yankewa. Sai da na manne da katanga ta wajen kudu sannan ya zauna, kuma duk ita ke kira, ba ta gaji ba. Ta ce yanzu sigina lafiya lau. Bajimin yana tsaye yana tuƙa. Can ƙuda ya dame shi, ya matso ya jingina wuyansa da sandar ya fara susa. Na ɗaga kai, na ga farantin can sama yana rawa.

“Ya faɗi,” ta ce. “Me ka gani?”

San ya daina, ya ja baya har igiya ta miƙe, sandar ta ɗan rusuna ta bi shi.

“Ya ƙara faɗuwa. Kana ji na? Me ke wurin?”

Da ƙyar na ce mata sa ne. Ta ce in maimaita. Na maimaita, na ƙara da cewa an ɗaure shi ne a jikin sandar. Na ji ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kasa, ta ba ni haƙuri, ta sake kasawa. Ni ma sai na ji ina dariya, hawaye na zubo mini, kuma ba na dariyar ba ne kaɗai.

Mai bajimin wani dattijon Bafulatani ne, yana zaune kan buzu yana kallona tun zuwana. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baffa, don Allah me ya sa aka ɗaure shi a nan.

“Nan munka saba ɗaure mai ƙarhin kai, tun zamanin tsohon Alhaji,” ya ce. “Mun zo munka iske an canza turke, munka ce Alhaji ya ci gaba, ya sa na ƙarhe.” Ya nuna sama da sandarsa. “Kwanon ga ko, duk zuwan da nika yi ina ganin shi yana gyaɗa kai. Na aza haka shika aiki.”

A nan na tuna. Ranar da muka zo haƙa rami, akwai wani tsohon kututture a daidai wurin, baƙi, ya yi santsi, da wani zobe da ya zagaye shi kamar an sassaƙa. Nan ne kaɗai ake hango ƙarfen kamfanin ba bishiya a tsakani, sai na ce a tumɓuke shi. Masu aiki biyu suka sha wuya kafin ya fito, aka jefar da shi bayan katanga. Ban tambayi kowa ba. Zoben nan gurbin igiya ne na shekara da shekaru. Da na duƙa na share ƙasa a gindin sandar, sai ga siminti ya tsage ya saki. Hannuna ba ya iya motsa ta, amma sa yana iyawa, kuma in an kwance shi sai ta koma ta tsaya kamar ba ita ba.

Dattijon bai ja magana ba. Ya tashi ya kwance san ya mayar da shi gindin wata bishiyar bedi, ya ce ai da an faɗa musu tun farko. Matar tana kan layi har lokacin. Ta ce sigina ya kwanta lafiya, za ta bar tikitin a buɗe har yamma ta gani. Ranar nan takarda ba ta sake tsayawa ba, motoci suka tashi kafin azahar, magatakardanmu har ya sami sararin cin abinci a zaune.

Da yamma rahotonta ya shigo ta imel ɗin ofis. Ni ke karanta wa Alhaji irin waɗannan saƙonni in fassara masa, don haka abin da na ce an rubuta shi ne aka rubuta. Ba zan ɓoye ba, a hanyar zuwa zaure na shirya cewa kamfani ne ya gano matsalarsa ya gyara. Sai na buɗe na karanta. Layi uku ne. Ta ce sandar eriya ta wajen kwastoma ce ke motsi, ta ba da shawarar a ƙarfafa gindinta. A layin ƙarshe ta rubuta cewa ma'aikacin kwastoma ne ya gano dalilin da kansa a wurin. Ba ta ambaci sa ba, ba ta ambaci watannin da na yi ina zaginsu ba, ba ta kuma ce ita ta tura ni ba. Kunya ta rufe ni. Bayan wannan ban iya yin ƙaryar da na shirya ba, na karanta wa Alhaji yadda yake, na ce masa layin ƙarshen nan alheri ne kawai ta yi mini, sannan na ba shi labarin tun daga kututturen.

Alhaji ya ji ni har ƙarshe. Na ɗauka saniyar da aka yanka zai tuna mini, ko mutanen da suka bar mu. Ashe ba can hankalinsa ya tafi ba.

“Turken Baba ka tumɓuke?” ya ce. “Ina ka kai shi?”

Muka zagaya bayan katanga ni da shi, muka same shi cikin ciyawa, gara ta fara taɓa gefe ɗaya. Alhaji ya duƙa da babbar rigarsa ya kakkaɓe shi da hannunsa. Ya ce turke zai koma inda yake, ƙarfe ne zai tashi, in nemi wani wuri ko da kan rufin ofis ne, kuma in je in ba mai gadin nan haƙuri, don labarin ya zo masa tuni. Na ce to. Na tsaya ina jiran sauran maganar, har ya juya zai tafi, sannan na yi ƙarfin hali na tambaye shi zancen mutumin Sakkwato.

“Shi ma bai san inda turken yake ba,” ya ce. “Kai ko yanzu ka sani.”

A makon aka mayar da farantin kan rufi, aka ɗaure sandar da wayoyi ta kusurwa uku. Injiniyan Talata ya zo ya saita, ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Mai gadi ya yafe mini tun kafin in gama magana, abin da ya ƙara sa ni jin nauyinsa. Na ci gaba da aiki a ofishin nan, daga baya wasu ofisoshin ma suka riƙa kirana, kuma da wannan sana'ar nake riƙe da gidana har yau.

Lahadin da ta biyo baya na kira kamfanin don in yi mata godiya, in kuma nemi gafararta. Wani namiji ya ɗauka. Ya tambayi lambar tikiti, na ce an rufe. Ya tambayi matsalar, na ce babu, godiya na kira in yi. Ya ce ba shi da gurbin da zai shigar da wannan, amma in na faɗi sunanta zai isar mata. Sai a lokacin na gane ban san sunanta ba. Duk wanda ya ɗauki waya a wurin nan da sunansa yake farawa, ita ma ta faɗa mini nata duk lokacin da muka yi magana, har da ranar da ta kira ni da kanta. Ko sau ɗaya ban saurara ba, ina ta shirya abin da zan faɗa. Na sake gwadawa makonni da dama ko zan dace da muryarta, ban dace ba. In na idar da salla ina sa ta a addu'a, sai dai in ce matar nan, Allah Ya san wadda nake nufi.